Ba A Juya Ƙwan Kunkuru

Talata, farkon Muharram, da hantsi

Saminu, mijin 'yata, ya ba ni wannan littafi don in riƙa rubuta abin da ma'aunin zafi ya nuna safe da yamma. To, ya nuna ashirin da takwas, na rubuta. Sauran shafin kuma ya zuba mini ido. Ni da na ƙare ƙuruciyata ina koyarwa a firamare a Kazaure ban iya ganin farar takarda in ƙyale ta ba.

Jinya na zo yi Madina, na tarar an tanadar mini renon ƙwai. Ƙwan ma na kunkuru.

Yarinyar nan tana asibiti tun kafin in sauka. Likita ta ce ta kwanta, kada ta motsa, har abin da ke jikinta ya yi ƙwari. Sau biyu a baya bai tsaya ya yi ƙwarin ba, su biyun suna maƙabartar Baƙi'a. Iyakar abin da zan rubuta a kan wannan ke nan. 'Yar farina ce, ba na kama sunanta, ban taɓa ba, balle in tsare ta da irin waɗannan tambayoyi. A hannun Inna, mahaifiyata, ta tashi, shi ya sa har yau Yaya take ce mini kamar yadda ta ji ƙannena suna faɗa.

Kunkurun nata ne, mace ce, wai Mimi. Wata abokiyar aikinta a ɗakin magani ce ta bar mata ita da za ta koma ƙasarsu. Ba irin namu ba ce. Ba ta wuce tafin hannuna ba, bayanta da ɗigo-ɗigon rawaya kamar an fesa mata kurkur. In an taɓa ta sai ta ja kai da ƙafafu ciki, sannan ƙasan cikinta ya naɗe ya rufe ruf kamar adaka, ko tsinke ba zai shiga ba. Na fi sau biyar ina taɓa ta yau don kawai in ga rufewar. Tun ba a je ko'ina ba na san ta tsane ni.

Jiya ta tona yashin bahonta ta saka ƙwai biyar, dogaye, farare, kamar manyan dabino. Saminu ya kwashe su ya jera a roba mai damshi, ya sa robar a cikin kula, kular tana ƙuryar falo.

Laraba, bayan La'asar

Abin da ya tsaya mini a rai: ina namijin?

Shekara biyu Mimi ita kaɗai a baho a saman bene a unguwar Bani Harisa, ko ƙadangare ba ya kai mata ziyara. Na ce wa Saminu, daga bakin ƙofa, kada ya wahalar da kansa, waɗannan duk baragurbi ne. Ya ce, "Wallahi Hajiya, ni ma haka na ce. Ita ce ta ce wai macen irin wannan kunkuru tana iya ajiye abin namiji a jikinta shekara uku ko huɗu, sai ta ga dama." Ya faɗa yana kallon takalminsa, ni ma na kalli nawa. Maganar da suruki da suruka suka wayi gari suna yi ke nan a garin Manzo.

Amma na yi ta tunani. Shekara huɗu tana riƙe da abu, babu wanda ya sani, tana cin kankanarta.

Alhamis, da hantsi

Na yi aika-aika.

Saminu ya tafi wurin aikinsa a Yanbu tun da asuba. Na buɗe kular, na ga ƙwai a kwance yadda aka ajiye su tun ranar Litinin, babu wanda ya taɓa su. Na ce ka ji aikin maza. Wa ya taɓa barin ƙwai a gefe ɗaya? Kaza da bakinta take juya nata. Lokacin da muke da injin ƙyanƙyasa mai fitila a makaranta ni ce mai juyawa safe da yamma, zabi nawa na fitar da hannun nan. Na ga alamar fensir a saman kowanne, na ɗauka ƙidaya ce irin ta injiniyoyi.

Na juya ɗaya, na juya biyu, na juya na uku, sai waya ta yi ƙara.

"Yaya, ina kwana. Me kike yi?"

Na ce, har da ɗan alfahari, "Ina juya miki ƙwanki, tunda mijinki bai san ana yi ba."

Ina jin wata na'ura tana ɗiga ƙara a kusa da ita.

"Nawa kika juya?"

"Uku."

Ta yi mini bayani a hankali, irin yadda take yi wa masu karɓar magani. Wai ƙwan kaza yana da 'yan igiyoyi a ciki da ke riƙe gwaiduwa, duk yadda aka juya ɗan yana sama. Na kunkuru ba shi da su. Ɗan tayin yana hawa ne ya manne a saman ɓawo daga ciki, in aka kifa shi sai gwaiduwar ta danne shi. Alamar fensir ɗin don a san sama ce.

Na ce bari in mayar da su. Ta ce, "A'a, a'a, ki bar su yadda suke yanzu. Wataƙila ba su riga sun manne ba. In kika sake juyawa ne za a rasa duka."

Sannan ta ce, "Ba komai, Yaya."

Na san wannan ba komai ɗin. Da shi ta amsa mini waya bara, da shi ta amsa bara waccan.

Na yi wa ukun zagaye da fensir a sabon samansu. Haushin Saminu nake ji da bai faɗa mini ba, haushin kaina ya fi.

Alhamis, bayan Magariba

Ashirin da takwas. Ban taɓa komai ba.

Asabar, bayan Azahar

Hajiya Ƙaltume, maƙwabciyarmu ta ƙasa, ita ta kai ni asibiti a motar ɗanta. A nan aka haife ta, kakanta ne ya zo da ƙafa daga wajen Damagaram. Hausarta rabi Larabci, dariyarta har titi.

Da ta hau ɗaukata ta leƙa bahon Mimi ta ja baya. "Esh hada? Kunkuru a gida? Ya ukhti, faɗa mini gaskiya, na tsari ne? Kakata ta ce mutanenmu suna ajiye shi don maganin baki." Na ce wannan ko kanta ba ta iya tsarewa sai ta rufe ƙofa. Na nuna mata ƙwan, na ba ta labarin juyin. Ta ce ma'alesh, wato ba komai, ta sauka ta dawo da gorar Zamzam, wai a riƙa yayyafa wa yashin. Na karɓa. Ruwa dai ruwa ne, wannan kuwa ya fi.

A asibiti akwai wata yarinya a tebur a bakin ɓangaren mata, sai an faɗa mata wurin wa aka zo. Ranar farko Saminu ne ya yi magana. Yau ni ta kalla.

"Ism al-marida?"

Na ce, "Binti."

Ta sake tambaya. Na sake cewa 'yata. Ƙaltume ta zungure ni, "Sunanta take so, sunanta." Na ce, "To ki faɗa mata mana." Ta dube ni baki buɗe, ta faɗa, aka ba mu kati.

A cikin lif ta ce, "Wallahi na ɗauka wannan abin ya mutu tare da kakata. Ita ma haka ta yi wa babanmu, har ya tsufa Wane take ce masa. Haram alaiki, 'yarki ce fa." Na ce mata ba ƙi ba ne, kunya ce. Ta ce, "Tayyib, ita ta san bambancin?"

Lif ɗin ya buɗe.

Yarinyar nan ta rame a fuska, ƙafafun sun kumbura. Na zauna a kujerar da ke nesa da gadon. Mun yi hirar yashi, da damshi, da abin da Mimi ta ci.

Litinin, da hantsi

Ashirin da bakwai. Na je neman tawul a ɗakinta, na jawo wani aljihun durowa, na mayar da shi da sauri. 'Yan rigunan jarirai ne, ko takardar kanti ba a cire musu ba.

Juma'a, tsakiyar Muharram, da hantsi

Yau na ga abin mamaki. Biyun da ban taɓa ba, kowanne ya fito da farin tabo a sama, fari fat kamar an goga alli, ya bambanta da sauran ɓawon da ke da ɗan duhu. Na ɗauka funfuna ce, na kira ta a tsorace. Ta yi dariya, rabon da in ji dariyarta tun a gida. Wai alamar rai ce, ɗan ya manne, tabon zai yi ta faɗi har ya game ƙwan.

"Masu zagayen fa?"

Na ce tukuna.

Na duba su ta kowane gefe ba tare da na taɓa ba, har na kwanta rub da ciki a kan kafet ina leƙe, ni da gwiwar nan tawa. Babu alli.

Talata, bayan La'asar

Ɗaya daga cikin masu zagayen ya yi tabo. Ƙarami, kuma a karkace, ba a tsakiya ba. Amma tabo ne. Na aika mata hoto, ta aiko da hannu biyu a ɗage.

Wani sabon karatu kuma daga Saminu: wai zafin wuri ne ke zaɓar jinsi. In da sanyi-sanyi maza, in zafi ya ɗan yi yawa mata. Na ce to ai a Madina ko a cikin firji aka sa su mata za a samu. Yau ko kan bene ban iya hawa ba sai da takalmi mai kauri. A gida ɗumama ƙwai ake yi, a nan aikina in hana su dahuwa.

Na so in san wa ya fara gano wannan. Wane mutum ne ya zauna yana auna zafin ramin kunkuru, kuma matarsa me ta ce masa?

Alhamis, bayan Azahar

Ba ta kira ba.

Alhamis, bayan Magariba

Saminu ya kira. Ya ce ta gaji ne.

Lahadi, ƙarshen Muharram, bayan La'asar

Na'urar sanyaya falo, mukayyif in ji mutanen nan, ta tsaya cak ana tsakiyar rana. Mai gyara ya ce sai bayan La'asar. Kafin in idar da Azahar ma'aunin ya haura talatin yana ci gaba. Ɗaukar kular zuwa wani ɗaki ta gagare ni, tsoron girgiza nake ji. Na tuna yadda Inna take yi wa tulu. Na jiƙa babban tawul na naɗe kular, na kawo fanka na saita, na zauna da kofi ina ƙara ruwa duk lokacin da ya fara bushewa. Ƙaltume ta hau da ƙanƙara a leda, muka jera a gefe, ba a jiki ba. A hankali ya sauko. Muka zauna a ƙasa mu biyu, tsofaffi, jiƙe da gumi, muna gadin ƙwan kunkuru. Ta ce in 'ya'yanta suka ji wannan sai sun kai ta a duba mata kai.

Mai gyaran ya zo, ɗan Pakistan, ya tambayi me ke cikin kular. Na nuna masa. Ya ce a garinsu ma akwai, amma na ruwa.

An ƙara wa yarinyar nan jini yau.

Laraba, farkon Safar, bayan Azahar

Yarinyar nan ta ce in haska mata ƙwan ta gani. Na rufe labule, na kashe fitila, na jingina wayar Saminu ta gida yadda za ta riƙa kallo, na ɗora tocilar tawa wayar a gefen ƙwai ba tare da na ɗaga shi ba.

Ikon Allah. Ƙwan ya koma ja kamar an kunna wuta a ciki, ga jijiyoyi sirara sun bazu kamar saiwar gero, ga wani ɗan baƙin abu a tsakiya. Ina cikin kallo ya motsa.

Na ce, "Kin gani? Yana motsi."

Ta ce ta gani. Sai na ga ta sauke hannunta ta ɗora a inda ban kalla ba. Ta ce, "Wannan ma yana motsi, Yaya. Tun asuba yake ta yi."

Na ce, "Yashin nan ya fara bushewa, bari in yayyafa masa ruwa."

Haka na ce. Ta ce to. Ta kashe.

Na daɗe zaune a duhun falon da rana tsaka. Ba don ban ji daɗi ba ne, daɗin har ya yi mini yawa. Bakina ne bai san hanyar ba. Inna ba ta koya mini ba, ita ma ba a koya mata ba. Na ji kunyar kaina, kuma ba irin kunyar da na saba ji ba ce.

Asabar, da hantsi

Ɗaya daga cikin masu zagayen ya yi funfuna, ya fara wari. Na ɗauke shi da cokali na binne a tukunyar na'a-na'a da ke kan bene. Mimi tana kallona ko a jikinta. Na ce mata, ke wace irin uwa ce, kin saka kin juya baya, ko leƙe ba ki taɓa yi ba. Ina rufe baki na ji maganar ta dawo mini.

Na faɗa wa yarinyar nan. Ta ce, "Saura huɗu."

Talata, bayan La'asar

Saura uku.

Juma'a, tsakiyar Safar, bayan La'asar

Mun je Harami da Ƙaltume, muka samu wuri a ƙarƙashin lemomin nan masu buɗewa da kansu. Su ma na so in san yadda suke aiki, amma ba yau ba. Na yi addu'a mai tsawo. Da muka fito ta ce ta ji ni, wai ina ta cewa Allah ka sauki yarinyar nan lafiya, Allah ka dubi yarinyar nan.

"Ya sheikha, har a gaban Allah ma? Yarinya nawa ce a duniya?"

Na ce Ya san wadda nake nufi.

Ta ce, "Sahih, Shi Ya sani. Ni ita nake ji."

Ta saya mini ɗanyen dabino a hanya don in huce. Na ci, ban huce ba, don ba da ita nake fushi ba.

Da muka wuce ta gefen katangar Baƙi'a na rage sauri. Ban san ta wane ɓangare suke ba, ba a kuma barin mata su shiga. Na yi sallama ga duka.

Litinin, da hantsi

Mai zagayen da ya rage ya loɓa a gefe, kamar an danna shi da yatsa. Na haska, ban ga motsi ba, ban kuma ga ruɓa ba, duhu kawai. Saminu ya ce gara a cire shi kada ya ɓata sauran biyun. Na ce a tambayi mai shi.

Ta ce, "Yana wari?"

Na ce a'a.

"To ki bar shi a gurbinsa. Wanda bai ce ya tafi ba, ba a cire shi."

Saminu ya fita baranda ya daɗe.

Na lulluɓe shi da ɗan yashi mai damshin Zamzam. Zuwa yanzu loɓawar ta ɗan taso, ko kuwa idona ne.

Alhamis, bayan Azahar

Ashirin da takwas. Ta ci abinci yau, in ji wata nas da ke kula da ita, Zahra. Ita ma jinin Hausawa ce, tana jin duk abin da na faɗa amma da Larabci take amsawa, sai dai ta jefa kalma ɗaya ɗaya. Khala take ce mini, wato 'yar'uwar uwa.

Lahadi, ƙarshen Safar

Ashirin da takwas.

Laraba, farkon Rabi'ul Awwal, da hantsi

Ya fasa. Ɗaya daga cikin biyun nan masu lafiya. Wata 'yar tsaga ce a ƙarshen ƙwan, da ɗan hanci a ciki, a kan hancin akwai wani farin tsini kamar ƙwayar gero, da shi ya yanka ɓawon. Ido ɗaya yana kallona. Na yi masa sallama.

Tun safe yake nan bai ƙara ko kaɗan ba. Hannuna yana ta ƙaiƙayi in ɓare masa, kamar yadda nake taimaka wa 'yan tsaki. Na kira tukuna, na koyi darasi.

"Kada ki taɓa shi, Yaya. Zai iya kwana biyu ko uku a haka. Akwai sauran gwaiduwa a manne a cikinsa, sai ya shanye ta. In aka fito da shi da wuri fashewa take yi."

Muryarta ƙasa-ƙasa. Na ce ko ta gaji ne. Ta ce bayanta ne ke ɗan ciwo.

In aka fito da shi da wuri. Ita ta faɗa, ni na ji, muka wuce.

Alhamis, bayan La'asar

Na biyu ma ya fasa. Na farko ya fito da hannu ɗaya ya ajiye a waje kamar mai jiran mota. Na leƙa ƙarƙashinsa, ga gwaiduwar kuwa, rawaya, a daidai inda cibiya take. Ashe kunkuru ma da cibiyarsa.

Asabar, kafin Azahar

An kira daga asibiti. Saminu yana hanya daga Yanbu. Ƙaltume tana neman makullin mota.

Talata, bayan La'asar

Sai yau na iya riƙe biro.

Da muka isa ranar Asabar an riga an shiga da ita tiyata. Ban san tsawon zaman da muka yi ba. Saminu ya iso, aka tsayar da shi a ƙofar ɓangaren mata, yana ta kai da kawowa da hularsa a hannu. Can likita ta fito ta yi masa magana da Turanci da Larabci. Abin da na tsinta: mace ce, bakwaini, tana numfashi, an sa ta a kwalba. Uwar kuma ta zubar da jini da yawa, an tsayar, amma ba ta farfaɗo daga allurar barci ba, kuma ya kamata a ce ta farfaɗo.

Mace ɗaya aka ce ta shiga. Ƙaltume ta tura ni.

Tana kwance, fuskarta ta yi fari kamar ba jinin jikina ba, igiyoyi ta ko'ina. Zahra tana tsaye tana bubbuga mata kafaɗa tana kiranta doktora, doktora. Babu ko motsin gira. Ta juyo ta ce mini, "Nadiha, ya khala. Sautik ta'rifu." Na gane, wai in kira ta, ta san muryata.

Na matsa. Na ce, "Ke. Ke, tashi mana."

Zahra ta girgiza kai. Ta haɗa Hausar da ban taɓa ji a bakinta ba, ta ce, "Ba ke ba. Suna. Kira suna."

Na tsaya. Wallahi na tsaya. 'Yata tana kwance tsakanin nan da can, ni kuma ina tsaye ina jin idon Inna da na gwaggonnina duk a bayana, matan da suka daɗe a ƙasa. Sunan yana nan, kullum yana nan. Ni na zaɓe shi ma, a ɓoye na raɗa wa babanta ana gobe suna, ban taɓa gaya wa kowa ba. Shekara talatin da huɗu yana bakina ban fitar ba.

Na riƙe hannunta, sanyi ƙalau. Na faɗa, a hankali, bai fita sosai ba. Na sake faɗa. Na uku da ƙarfi na faɗa, yadda nake kiran yaro daga ƙarshen fili, har wata nas ta leƙo.

Girarta ta motsa. Ta buɗe ido da ƙyar, ta dubi silin, ta dubi Zahra, ta dube ni. Leɓenta ya motsa, na kai kunne.

Ta ce, "Ashe kin san shi."

Ban san na iya irin wannan kukan ba. Zahra ta kawo mini kujera, wannan karon kusa da gadon.

Laraba, da hantsi

Na ga jaririyar ta gilashi. Ba ta fi tafin hannuna biyu ba, ja, da 'yar hula, da bututu a hanci, cibiyarta a ɗaure. Ina tsaye wata nas ta zura hannu ta ramin kwalbar ta kama ta za ta kifa ta a kan ciki. Ban san lokacin da na buga gilashin ba na ce, "Kada ki juya ta." Ƙaltume ta yi dariya har da riƙe bango. Wai su waɗannan dole a riƙa juya su. Kowane da nasa, ni dai sai koyo nake da tsufana.

Likita ba ta ce an tsira ba. Ta ce kowace safiya riba ce. Na ce wa Saminu zafin Madina ya yi aikinsa, mace aka samu. Ya yi murmushi, karon farko ya ɗago ya dube ni.

'Yan kunkuru biyu sun fito tun muna asibiti, babu wanda ya gani. Na tarar da su sun nutse a yashi, kowanne bai fi kwabo ba. Ba su iya rufe adakarsu ba tukuna, wai sai sun girma. Yanzu duk wanda ya taɓa su a buɗe suke.

Mai zagayen yana nan. Bai fashe ba, bai yi wari ba.

Juma'a, da hantsi

Ashirin da takwas.

Lahadi, tsakiyar Rabi'ul Awwal, bayan Asuba

Na buɗe kular don in rubuta lamba, sai na ga tsaga. A gefen da ya loɓa, can ƙasa, ba inda sauran suka fasa ba. Na kwanta a kafet na leƙa. Hanci, da ɗan farin tsini, da ido. A kife yake, yadda na kifa shi, a haka ya yi zamansa har ya gama.

Ban taɓa shi ba. Na ɗauki waya. An mayar da yarinyar nan ɗaki, tana iya zama, jiya an tura ta a keke ta sa yatsa a cikin kwalbar. Ta ɗauka da muryar barci.

Na ce, "Hibatullahi, tashi ki ga wanda na juya."

Na ɗauka ta koma barci.

Ta ce, "Ban ji ba, layin ba kyau. Sake faɗa."

Layin lafiyarsa ƙalau, har numfashinta ina ji. Na sake faɗa.